Taƙi Tara

Shekara arba'in da ɗaya Baba Taƙi ya yi yana haɗa wa mutanen cocinsu akwatin gawa, bai taɓa karɓar ladan hannu ba. Masu mamaci su kawo katako da ƙusa, shi ya kawo hannu. In babu katakon ma, akwai wanda yake jingine a bayan shago saboda irin wannan rana. Sauran kwanaki kujeru yake yi da ƙofofi da gadaje kamar kowane kafinta. Da su ya riƙe gida, da su ya aurar da 'ya'yansa mata uku.

Sunan nasa daga awo ya samo shi. Ba ya riƙe tef. Hannu yake warewa, daga babban yatsa zuwa dogon na tsakiya, taƙi ɗaya ke nan, ya bi katako da shi har inda yake so, ya sa fensir. Haka ya koya a wurin ubangidansa. Yakan ce tef ana manta shi a gida, ana aronsa a ƙi mayarwa, amma hannu kullum yana jikinka, kuma wanda ya yi shi ba ya kuskure.

Yana da wata doka kuma, ba ya auna gawa. A ganinsa wulaƙanci ne mutum yana kwance, iyalinsa na kuka, kai kuma ka zo kana bin jikinsa da yatsu kamar mai tayin rago. Saboda haka masu rai yake aunawa. Duk ɗan coci da ya shigo shagon, ko ƙafar kujera ya kawo gyara, sai Baba ya ce ya cire takalmi ya jingina da bango. Ya sa alama da alli a saman kansa, ya auna bangon, ya goge allin da gefen hannu, ya rubuta suna da lamba a bayan ƙofa. Wasu su yi dariya, wasu su daina bin layin gaba ɗaya. Mata kan ce, haba Baba, ka bari mu ga jikoki tukuna. Ya ce ai rubutu ba ya kiran mutum.

A coci bencin ƙarshe ne wurinsa, bakin ƙofa, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Sau uku ana neman a sa shi cikin dattawan ikilisiya, sau uku yana ƙi. Duk Faston da aka kawo, in wa'azi ya biyo ta kan tawali'u, sai ya nuna bencin ƙarshe, Baba kuwa ya sunkuyar da kai. A faɗi gaskiya, kan ne kaɗai yake sunkuyawa. Kunnen yana nan a tsaye, yana kwashe kowace kalma ya kai gida. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta taɓa ce masa ba ta taɓa ganin mutumin da ya kai shi jin daɗin zama ba kowa ba. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincinta da daɗin rai.

Amininsa tun suna samari shi ne Dogo, tsohon direban babbar mota, wanda bayan ya ajiye tuƙi ya koma buga ƙararrawar coci. Tsawonsa taƙi tara cif. Baba ya auna shi shekara ashirin da suka wuce, kuma har yau babu wanda ya kamo wannan lamba a bayan ƙofar. Dogo bai taɓa samun abin da ya yi daidai da shi a duniya ba. Wando ya tsaya masa a ƙwauri, a motar haya gwiwarsa ta tokari haɓarsa, ƙofar gidansa ma sai ya gaishe ta kafin ya shiga. Baba ya taɓa yi masa gado na musamman, aka kai, sai ga shi ɗakin hayar bai kai tsawon gadon ba. Dole aka rage shi. Haka Dogo ya ci gaba da kwana ƙafa na reto a waje.

Ranar da aka rage gadon ne Baba ya yi masa alkawari. Ya ce ya yi haƙuri, ranar da ya mutu zai yi masa ɗakin da zai miƙe ƙafa son ransa. Dogo ya ce to in kai ka riga ni fa? Baba ya ce sai ka lanƙwashe, ai ka saba. Wannan magana ta zama gaisuwarsu. Kowace Lahadi in Dogo ya saki igiyar ƙararrawa ya zo wucewa ta bencin ƙarshe, sai ya ce, "Kafinta, ina ɗakina?" Baba ya ce katako na bushewa.

Sanyin ƙashi ya fara kama hannun Baba shekara biyar ko shida baya. A hankali ya shigo, kamar gara. Yatsun suka fara lanƙwashewa ciki, gaɓoɓin suka kumbura. Mama ce take sa masa maɓallin riga, shi kuma yana zagin masu yin maɓalli cewa yanzu ƙanana suke yi. Da jan zarto a dogon katako ya gagare shi, sai ya koma auna katakon ya sa fensir, a kai wa mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wanda yake da shagon kafinta mai injin yanka. A yanko, a dawo da shi, Baba ya haɗa. Shekara uku ana haka.

Baba bai taɓa son wannan suruki ba. Mai Inji yake ce masa. Mutum ne mai turare, mai zaman bencin gaba, in aka ba shi addu'a sai ƙafafun mutane sun yi tsami. Ga tef a maƙale a ƙugu ko'ina ya je, kamar wuƙar mahauci. Sau ɗaya ya taɓa durƙusawa ya ce, cikin ladabi, ko Baba zai bari a riƙa bin awon da tef don a tabbatar. Baba ya ce masa lokacin da ya fara binne mutane ba a yi auren uwarsa ba. Surukin bai sake tayar da maganar ba.

Dogo ya mutu ranar Talata da safe, a zaune, kofin shayi a gefensa. Aka sa jana'iza Juma'a ƙarfe goma.

Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya je ya gaida matar Dogo, ya dawo ya buɗe shago, ya jawo jan katakon nan mai nauyi da ya ɓoye shekara da shekaru. Da rana Mai Inji ya zo da motarsa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya ce ya zo ɗaukar katako kamar kullum. Baba ya ce wannan inji ba zai taɓa shi ba, alkawarin hannu ne. Surukin ya ce to ko riƙe masa ya yi. Yana magana idonsa na kan layin fensir. Baba ya ce yana da abin riƙewa.

Mai Inji ya shiga cikin gida, suka daɗe suna ƙus-ƙus da Mama a bakin murhu. Can ta fito tana goge hannu da gefen zani, ta ce, "Baban Auta, ka bar yaron nan ya duba awon. Hannunka ba na da ba ne." Ya tashi ya rufe ƙofar shagon ta ciki, ya sa sakata. Ta tsaya a waje ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sannan ta koma kan tukunyarta.

Kwana biyu ya yi a kai. Ya ja zarto sau goma ya huta, ya tsoma hannun a ruwan ɗumi, ya koma. Ya goge katakon har yana ɗaukar ido. Da ya haɗa shi ya ja baya ya duba, idonsa ya gaya masa wani abu. Ya sake bin sa da hannu, taƙi tara da yatsa huɗu na sarari. Ya sake, haka. Sau uku. Ya ce wa kansa ido ne yake tsufa.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas suna ɗakin ajiye gawa na asibiti. Fasto yana nan, da ƙannen Dogo biyu, da ma'aikacin wurin, wani mai farar riga da takalmin roba. Mai Inji ne ya kawo akwatin a motarsa. Matar Dogo tana zaune a benci a baranda tare da Mama. An yi wa Dogo wanka, an sa masa rigar da yake buga ƙararrawa da ita. Mutum huɗu suka ɗaga shi suka sa. Kai ya shiga ya taɓa katako. Kafaɗa ta zauna. Diddigen kuwa suka hau kan katakon ƙarshe suka tsaya, ƙafafun biyu a waje, cikin farar safa.

Wani daga cikin ƙannen ya gwada jan gawar sama, babu inda za ta je.

Ma'aikacin ne ya yi magana, da muryar wanda ya ga irin wannan har ya gaji. Ya ce ba laifin kowa ba ne, gawa takan ƙara tsawo in ta kwana biyu a sanyi. Ya ce akwai yadda suke yi da gwiwa, aikin minti biyar ne, in an rufe murfi babu mai sani. 'Yan'uwa dai su ɗan fita waje. Fasto ya duba agogo, ya dubi Baba, ya ce lallai ya taɓa jin haka, gawa na ƙara tsawo. Ya faɗa ne don tausayi. Kowa a ɗakin yana miƙa wa tsohon wannan ƙarya kamar ana miƙa wa mai jin ƙishi ruwa, shi kuma yana so ya karɓa. Har ya juya tare da su. Ya yi taku biyu zuwa ƙofa.

Safar ce ta tsayar da shi. Shekara nawa yana shiga ɗakin Dogo da safe ya tarar da ƙafafun nan a waje haka, ya ja babban yatsan ya ce tashi, rana ta yi.

Ya ce a dakata. Ya dawo bakin akwatin, ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in da ɗaya. Ya ɗora babban yatsa a diddigen abokinsa, ya fara bi. Ƙwauri, gwiwa, cinya, ƙirji. Ya kai tara yana wuya. Ya kai goma, da sauran yatsa biyu kafin tsakar kai. Ya ɗaga hannun ya ware shi a gaban fuskarsa iyakar ƙarfinsa. Bai buɗe ba. Kamar ƙafar kaza yake. Kullum yana tare da shi, yana cin abinci da shi, amma sai yau ya gan shi.

Ya juya wurin surukinsa, wanda ya maƙale a jikin bango, hannu ɗaya a kan tef ɗin ƙugunsa kamar yana so ya ɓoye shi.

"Sauran fa? Na shekara ukun nan?"

Mai Inji ya dubi ƙasa. "Ina ƙarawa, Baba. Kaɗan-kaɗan."

"Guda nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Goma sha ɗaya. Baba ya tuna kowanne. Ya tuna yadda aka riƙa zuwa bencin ƙarshe ana kama hannunsa da hannu biyu, ana cewa Ubangiji ya saka, aikin Baba ba ya kuskure. Shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa ba komai, aikin Allah ne. Mai turaren nan yana bencin gaba yana ji, bai taɓa ko gyaran murya ba. Baba ya nemi addu'a a bakinsa, ko guntuwa, bai samu ba. Abin da ya fito shi ne tambaya, ko akwai yadda za a yi ba tare da an taɓa gwiwar ba.

Surukin ya ce akwai katako a mota, da kayan aiki. Tun jiya ya sa su. Sai dai fari ne, ba jan ba, shi ya samu.

Aka mayar da Dogo kan gadon ƙarfe, aka fitar da akwatin ta ƙofar baya zuwa gindin wata bishiya. Mai Inji ya cire rigar jana'izarsa ya rataye a reshe. Ya koma ciki ya auna gawar da tef, ya dawo ya ɓalle katakon ƙafa, ya yanka ƙari, ya sa masa madogari ta ciki don kada ya buɗe a hannun masu ɗauka. Baba ya karɓi guduma ya ce shi zai buga. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe. A ta biyu gudumar ta kuɓuce ta faɗi a ƙasa. Ya tsaya yana kallonta. Ba wanda ya ɗauka, don kada ya ji kunya, shi kuma sunkuyawar ma aiki ce. A ƙarshe ya tura ta da ƙafa wajen surukin, ya cire hularsa ya juye ƙusoshin a ciki, ya tsaya yana miƙawa ɗaya bayan ɗaya.

Goma ta wuce. Fasto ya fito da waya ya ce zai kira coci ya ce takardun asibiti ne suka yi jinkiri. Baba ya ce kada a ɗora wa mutanen asibiti, ba su yi komai ba. Fasto ya ce to me zai ce? Baba ya miƙa wa surukinsa wata ƙusa. Fasto ya kira coci ya ce musu kawai a ci gaba da waƙa.

Ƙarar guduma ce ta kawo matar Dogo. Ta zagayo tana dafe da kafaɗar Mama, ta tsaya ta dubi jan akwati mai farin gindi. Baba ne abokin ango ranar aurensu, kuma tun daga ranar Amarya yake ce mata, har ta yi furfura. Ya durƙusa a gabanta da hular ƙusa a hannu, gwiwoyinsa na ƙara.

"Amarya, na gajarta shi. Ba gawa ce ta ƙaru ba. Hannuna ne ya ragu, an gaya mini, na ƙi ji."

Ta sake duban akwatin. Sannan ta ce 'ya'yansa sun so su sayi na kanti mai hannun ƙarfe, ita ta hana, ta ce akwai alkawari. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Yanzu zai miƙe?"

"Zai miƙe."

"To ba ruwana da launin katako. Tashi ka ba yaron nan ƙusa, yana jiranka."

Tashin ma sai da Mama ta kama shi.

Sha biyu saura suka isa coci. Aka shigo da akwatin ta tsakiya, ƙafa a gaba, farin ƙarin nan shi ya fara gaida kowa. Wata mata ta yi sauri ta yafa mayafinta a kai, ya zame ya faɗi tun kafin a kai gaba. Fasto ya yi wa'azinsa. Da ya zo godiya, sai bakinsa ya bi hanyar da ya saba, ya gode wa Baba Taƙi, bawan Allah mai tawali'u, wanda ya yi wa abokinsa aiki na ƙarshe da hannunsa.

Baba ya dafa bencin gabansa ya miƙe. Bai taɓa magana a cikin taro ba, muryarsa ba ta san hanya ba. Ya ce, "Gajeren ne nawa. Farin na mijin Auta ne." Benci uku na baya ne kaɗai suka ji. Fasto ya ɗauka amin yake cewa, ya ɗaga masa hannu ya wuce zuwa sanarwa. Maganar ta bi benci-benci a raɗa, kafin ta kai gaba Allah kaɗai ya san abin da ta zama. Baba ya zauna. Aka binne Dogo a miƙe.

Asabar da Lahadi ba wanda ya yi masa maganar. Ana gaishe shi a hankali kamar mai jinya. Litinin ya buɗe shago ya zauna yana kallon bayan ƙofa. Suna sittin da uku na masu rai, kowanne da lambarsa. Wasu ya auna su da hannun shekara talatin baya, wasu da na bara, kuma babu mai iya cewa wanne ne wanne. Duk rubutun ya zama banza. Mama ta kawo shayi ta ajiye, ta ce ko a aika a kira yaron. Ya ce a'a. Ya sa hula, ya taka da ƙafarsa har shagon injin, inda bai taɓa shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin ƙara da garin katako har aka kashe injin. Ya ce in mijin Auta ya samu sarari, ya zo da abin ƙugunsa, akwai mutanen da za a sake aunawa.

Da yamma ya zo. Ya karanta sunayen tun daga sama har ƙasa, ya tambaya da wa za a fara. Baba ya cire takalmi. Sunansa ba ya cikin jerin, bai taɓa tunanin sa shi ba. Ya je ya jingina da bango inda kowa yake jingina.

Surukin ya tsaya da tef a hannu, kunya ta hana shi matsowa. Baba ya ce rana na faɗuwa. Ya matso, ya taka bakin tef ɗin da ƙafa, ya ja shi sama.

"Ka ɗan miƙe, Baba."

"Iyakarta ke nan."

Ya sa alama, ya rubuta wata lamba a ƙasan sunayen, irin lambar tef, wadda ba ta gaya wa Baba komai ba. Tsohon ya matso ya dube ta, ya dubi hannunsa.

"In ranar ta zo," ya ce, "ka ƙara kaɗan, kamar yadda ka saba."